Yayin kayan falo da kicin: wanne za a bi, wanne za a bari ya wuce?

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma na fi so a yi ta a fili don wasu ma su ƙaru. Za mu gyara falo, daga fenti har kujeru, wataƙila a taɓa kicin. Duk hoton da na buɗe a Instagram ko Pinterest yanzu launinsa ɗaya ne: ruwan ƙasa, ruwan madara, sai kore mai duhu. Kujeru sun daina kusurwa, duk a lanƙwashe suke. Bango ana jera masa siraran katako a tsaye, a sa fitila mai tsiri a bayan talabijin, a zagaye silin da ita. Kicin kuma a rushe bangonsa ya haɗe da falo. Shekarun baya kaɗan kuwa kowa toka-toka yake yi da fari da tayil mai sheƙi. To a cikin waɗannan wanne ne ci gaba na gaskiya, wanne ne yayi kawai? Muna da yara ƙanana, kuma ba aikin da za a sake baɗi ba ne.

Zee Mai Tsara Gida:
Wa alaikumus salam Anti. Bari in fara da launi tunda shi ya fi sauƙi. Abin da idonki ya gani haka yake, toka-toka ya ja baya. Kamfanin Pantone yana fitar da launin shekara tun 2000, kuma masu fenti da masu yadi suna kallonsa sosai. Na 2021 toka ne da rawaya. Na 2024 Peach Fuzz, wani ja-ja mai haske da taushi. Na 2025 Mocha Mousse, ruwan ƙasa ke nan. Na 2026 kuma sai suka zaɓi fari, Cloud Dancer. Kin ga cikin shekara biyar an tashi daga toka an bi ta ruwan ƙasa an isa fari.

Ni dai a ganina komawa launuka masu ɗumi yana da dalili. A 2020 mutane sun zauna a gida wata da watanni, ɗakin da a da ake kwana a fita ya zama ofis da aji da wurin hira. Toka yana kyau a hoto, amma in ka yini a cikinsa sai ɗakin ya yi maka sanyi da duhu, musamman in taga ba ta da girma. Saboda haka ki yi fentinki mai ɗumi hankali kwance. Fenti shi ne abu mafi arha da za a sauya a gida. Inda nake so ki yi taka-tsantsan shi ne abin da ake mannawa da siminti ko gam.

Abban Sadiq:
Ai kin faɗa da bakinki ƙanwata. Kamfani ya zauna ya yanke cewa bana ruwan ƙasa, baɗi fari, mu kuma mu bi da kuɗinmu. Ni ban ga ci gaba a nan ba, kasuwa ce kawai. Kujerar da ba ta karye ba me zai sa a fitar da ita? Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce a 2018 kaɗai sharar kayan ɗaki a ƙasar ta kai tan miliyan 12.1, kuma kusan kashi 80 cikin 100 a juji aka binne. Wannan shi ne ƙarshen yayi. Maman Iman, shawarata ki yi fenti ki wanke labule ki bar sauran.

Zee Mai Tsara Gida:
Yaya, kan shara ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Amma ba duk sabon abu ne wayon 'yan kasuwa ba. Fitilar LED ma a matsayin sabon abu ta shigo, yau wa zai koma tsohon ƙwai mai zafi da shan wuta? Dirowar kicin mai janyowa gaba ɗaya ta fi kabad mai zurfi da sai ka durƙusa ka laluba. Hinji mai rufe ƙofa a hankali ya ceci yatsun yara da yawa. Sababbin abubuwa irin waɗannan a baje kolin kayan ɗaki ake yawan nuna su, irin na Salone del Mobile da ake yi a Milan tun 1961. Daga can manyan kamfanoni suke nuna abu, ƙanana su kwaikwaya, har ya iso shagon kafinta. A hanya ne ake yawan ɓata shi, a ɗauki siffar a bar ingancin.

Baba Kafinta:
Yauwa 'yata, nan nake jira a zo. A ɗauki siffa a bar inganci, shi ne ciwon aikinmu a yau.

Maman Iman, ki saurare ni kan kujera mai lanƙwasa. Ban ce ba ta da kyau ba. Amma katako a miƙe Allah ya yi shi. In za a yi lanƙwasa sai an yanko filawud guntu-guntu an harhaɗa. Mai tsoron Allah zai sa gam da sukuru, ya ƙara tokara a kowace gaɓa. Mai sauri kuwa fil ɗin bindiga zai harba ya rufe da soso, ke ba ki gani ba. Yara suka yi tsalle a kai na 'yan watanni sai ki ji tana kuka. Na biyu, ba ta jingina da bango, dole a bar mata fili a baya, in falo ƙarami ne ta cinye shi. Na uku, ba a miƙewa a kanta a huta yadda ake yi a miƙaƙƙiya. Na huɗu, ranar da za a sake mata yadi, yankan lanƙwasa yana ɓarnar yadi kuma ɗinkin ya fi wuya, ladan aikin sai ya hau.

In kin je sayen kowace irin kujera ki yi abu uku. Ki kama ƙafar gaba ɗaya ki ɗaga kamar tsawon tafin hannu. In ɗaya ƙafar ta gaba ta zauna a ƙasa ba ta biyo ba, firam ɗin yana murɗewa, ki bar ta. Sannan ki sa a kifa ta a ɗan buɗe baƙin ƙyallen da ke ƙasa ki leƙa. Ki ga irin katakon, ki ga ko da ɓawo a jikinsa, ki ga ko garin ƙwaro yana zuba. Wanda ya hana ki leƙawa ya riga ya ba ki amsa. Sai soso. Kada ki tambayi taushinsa, ki tambayi nauyinsa. Na wurin zama ya kamata ya kai kilo 30 a kowace kubik mita (mita ɗaya tsawo, faɗi da kauri) ko sama da haka. Mara nauyi ranar farko ya fi daɗin zama, amma shi ne yake lotsawa ya bar rami.

Maman Iman:
Allah ya ƙara girma Baba, wannan karatu ne. To yadin nan fari mai gashi a nannaɗe kamar na ɗan tunkiya fa? Shi nake gani a kan yawancinsu.

Baba Kafinta:
Bukle suke ce masa. Da yara ƙanana? Ki rufa wa kanki asiri 'yata. Zarensa madauki-madauki ne, zif ko farce ko ƙugiyar jaka ya kama ɗaya sai ya zaro. Ƙura da ɓurɓushi suna shigewa tsakanin gashin, goga ba ya fitar da su. In kina sonsa ki yi filo biyu da shi.

Zee Mai Tsara Gida:
Baba ya yi gaskiya kan fari. Sai dai in ƙara abu biyu. Akwai gwajin da ake yi wa yadin kujera, sunansa Martindale, inji ne yake goga yadin har ya nuna lalacewa a ƙirga sau nawa. Na zaman yau da kullum a nemi 25,000 zuwa sama in gida mai yara ne. Yawanci an rubuta a bayan samfurin yadin. Kuma a nemi kujerar da rigar kushin ɗinta take da zif, a cire a wanke.

Na biyu, lanƙwasar nan ba sabuwa ba ce, Yaya Abban Sadiq zai ji daɗin wannan. Vladimir Kagan ya zana doguwar kujerarsa mai lanƙwasa tun 1950. Camaleonda ta Mario Bellini ta 1970 ce, aka dawo da ita kasuwa a 2020. Togo, mai ninki-ninki da ake ta kwaikwaya, Michel Ducaroy ya zana wa kamfanin Ligne Roset na Faransa a 1973, kuma ita babu katako a cikinta ko ɗaya, soso ne iri-iri aka haɗa. Abin da ya yi shekara 50 ana sayensa ba za a kira shi yayin wata shida ba. Kwaikwayon da aka yi da mugun soso shi ne na wata shida.

Hajiya Kaka:
Sallama gare ku 'ya'yana. Ni jikata ce ta sa ni a zauren nan, karatu nake yi ban cika magana ba, amma yau sai na yi. Kujerun nan da kuke yabo, kun tuna da mu kuwa? Na je gidan da aka yi irin su, ƙasa-ƙasa, masu zurfi, babu hannu. Na zauna lafiya. Da aka zo tashi sai da mutum biyu suka kama ni. Wallahi na ji nauyi ƙwarai, a gaban baƙi. Tun daga ranar in na je gidan kujerar teburin cin abinci nake sa a ɗauko mini. Maman Iman, in da tsoho mai zuwa gidanki, ko mai juna biyu, ko mai ciwon baya, ki ajiye ko da kujera ɗaya ce mai tsayi daidai gwiwa, mai hannu biyu masu ƙarfi da za a dafa.

Tayil mai sheƙi kuma da kuka ce ya wuce, Allah ya raka taki gona. Ruwa kaɗan ya zuba, ba a ganinsa, sai dai a ji mutum a ƙasa. Tsoho ya karye a ƙugu ba ƙaramin abu ba ne. In sabon yayi ya kawo tayil mara santsi to ni ina goyon bayansa.

Zee Mai Tsara Gida:
Ranki ya daɗe Hajiya, kin tuna mana abin da hoto ba ya nunawa. Tsayin wurin zama da ya fi dacewa da yawancin manya santimita 43 zuwa 48 ne daga ƙasa. Anti ki tafi da tef ɗin awo, kuma ki auna bayan kin zauna soson ya nutse, ba kafin ba.

Ɗan Haya:
Ni tambayata kan siraran katakon bango ce. Gidan haya nake, mai aiki yana ta lallashina wai zai fito da falon. In yi?

Ummu Khalil:
Ƙanena, tambayi mai shara kafin ka tambayi mai aiki. Ina da shi a bango guda. Kowane tsakani layi ne na ƙura daga silin har ƙasa. Tsintsiya ba ta shiga, tsumma ba ya kaiwa ciki. Burushin fenti nake ɗauka in bi layi ɗaya bayan ɗaya ina saukowa, ƙurar tana zubo mini a hannu, in na gama sai in share ƙasa in goge teburin talabijin da ta sauka a kai. Gizo-gizo kuma ya samu gida a saman. Da daddare in an kunna fitila yana da kyau, wannan ba zan musa ba. Amma wanda ba shi zai riƙa sharewa ba bai kamata ya yanke hukunci shi kaɗai ba.

Injiniya Bello:
Ɗan Haya, ƙari a kan na Ummu Khalil. Da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan katakon bango ba katako ba ne, roba ce ta PVC ko garin katako da aka cakuɗa da roba aka yi masa zanen itace. PVC in ya kama wuta hayaƙinsa yana da guba, yana fitar da iskar da ke ƙona ido da huhu. Kuma ina ake manna shi? Bayan talabijin, inda soket da wayoyi suka taru. Na sha buɗe irin wannan bango in tarar an haɗa waya da tef an tura baya an rufe. In za a yi, wayoyi su bi cikin bututu, kowane haɗi ya zauna cikin akwatinsa, kuma a bar wurin da za a buɗe a duba. Kai kuma da kake haya, gam ɗin da ake manna shi da shi yana ɓanɓaro filasta ranar cirewa. Da kai da mai gida za ku yi ta.

Ɗan Haya:
Na gode Injiniya, na fasa. To me mai haya zai yi falonsa ya yi kyau ba tare da ya taɓa bango ba?

Zee Mai Tsara Gida:
Labule, darduma, fitila. Duk ukun kana naɗewa ka tafi da su. Sandar labule a kafa ta kusa da silin, ba a kan goshin taga ba, ta wuce tagar ta kowane gefe, labulen ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa. Faɗin yadin ya ninka faɗin tagar sau biyu don ya yi ninki. Ɗakin zai yi tsawo a ido. Darduma kuma kuskuren da aka fi yi shi ne sayen ƙarama a ajiye a tsakiya ita kaɗai. Ta kai girman da ƙafafun gaba na kujeru za su hau kanta.

Injiniya Bello:
Tunda an zo kan fitila ku ba ni fili, don a nan ne na ga yayin ya kawo alheri kuma a nan aka fi ɓata shi.

Alherin shi ne an gane cewa ƙwai ɗaya mai ƙarfi a tsakiyar silin ba ya wadatar da ɗaki. Yana haska saman kai, ya jefa inuwa ƙarƙashin ido, kusurwoyi su yi duhu. Yanzu ana raba haske gida uku: na ɗaki gaba ɗaya, na aiki kamar karatu ko yanka a kanta, da mai laushi na hira. Kowanne da makunninsa. Fitila mai tsayuwa a kusurwa da ƙarama a kan teburi sun fi shandaliya mai tsada gyara falo.

Sai launin haske. Ku duba kwalin ƙwan, akwai lamba da harafin K. 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗumi, ja-ja, na falo da ɗakin kwana. 4000K tsaka-tsaki ne, ya dace da kicin da banɗaki. 6500K fari ne tas mai shuɗi-shuɗi. Maman Iman, in kika yi fenti ruwan madara kika sa masa 6500K, da daddare zai koma kamar ya yi datti, ki ce mai fenti ya cuce ki, alhali ƙwan ne. Akwai lamba ta biyu, CRI, tana nuna yadda fitila ke fito da launi na gaskiya. Ki nemi 90 zuwa sama.

Ɓarnar kuwa ita ce fitila mai tsiri da ake zagaye silin da ita. A manna ta kai tsaye a kan fiyofi babu hanyar alminiyam da za ta ɗauke mata zafi, sai ta dushe da wuri, wani yanki ya mutu wani yana ci. Ƙaramin akwatin da ke rage mata wuta, wanda shi ya fi saurin lalacewa, a jefa shi cikin silin a shafe. Ranar da ya mutu sai an fasa. Ku sa a ajiye shi inda hannu zai kai. Masu sauya launi ja da kore da shuɗi kuma a bar wa ɗakin wasan yara.

Maman Iman:
Injiniya Allah ya saka da alheri. Ke nan in sayi ƙwai kafin in zaɓi fenti?

Injiniya Bello:
Haka ne Hajiya. Ki sa ƙwan da za ki zauna da shi, ki sayi ƙananan gwangwanaye na launi biyu ko uku, ki shafa kowanne a faffaɗan kwali ki jingina a bangon da ke kallon taga da wanda ke bayanta. Ki duba da safe, da la'asar, da bayan isha'i. Launi ɗaya ne amma sai ki ga kamar uku.

Nas Hauwa:
Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo, don Maman Iman ta ambaci yara da kicin.

Na ɗaya, kabad da wadirof na MDF. Garin katako ne aka matse da gam, kuma gam ɗin da aka fi amfani da shi yana fitar da sinadarin fomaldihaid, shi ne warin nan mai yaji a ido da ake ji a sabon kabad. Hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo cutar tun 2004. Ban ce a tsorata a zubar da kaya ba. A nemi allon da aka rubuta masa E1, alamar ƙarancin fitar da sinadarin, ko abin da ya fi shi, a rufe duk bakin da aka yanka, kuma sabon kaya ya sha iska tagogi a buɗe kafin yaro ya kwana a ɗakin. Zafi da laima suna ƙara fitar warin.

Na biyu, dirowa mai tsayi a ɗaure ta da bango. A 2016 kamfanin IKEA ya janye dirowoyi kimanin miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun faɗo kan yara sun rasu. Yaro yana janyo aljihun ƙasa ya taka ya hau, nauyi ya rinjayo gaba. Ƙarfe ɗan ƙarami da sukuru biyu ne maganin. Talabijin ma haka.

Na uku, dutsen kanta na haɗi da ake kira kwatz. A gida bayan an girka ba ya cutar da kowa. Masu yanka shi ne suke shan wahala. Sinadarin silika da ke cikinsa yana iya haura kashi 90 cikin 100, ƙurarsa tana taurara huhu, kuma ciwon ba ya warkewa. Ostareliya ta haramta shi gaba ɗaya daga 1 ga Yuli 2024 saboda matasan ma'aikata da suka kamu. In za ki saya, kada ki yarda a yanka shi a bushe a tsakar gidanki. Da ruwa ake yanka, a wurin aiki, da abin rufe hanci na gaske. Yaron da zai yanka ɗan wani ne.

Baba Kafinta:
Allah ya yi miki albarka 'yata, musamman maganarki ta ƙarshe. Kan MDF kuwa ni ba na sa shi a kicin ko an roƙe ni. Ku buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke a gidan da ya kwana biyu. Famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan ba wanda ya lura. Allon ƙasa ya sha, ya kumbura ya ninka kaurinsa, fatar sama ta ɗago, in ka danna da yatsa ya marmashe. Sukurun hinji ba shi da abin kamawa, ƙofa ta rataye. Ba a gyara shi, sai dai a cire.

Zee Mai Tsara Gida:
Baba, a nan zan ɗan saɓa maka da girmamawa. Ƙofofin kabad da ake fesa wa fenti, MDF ya fi katako zama lafiya, don ba ya motsi da sauyin yanayi, fenti ba ya tsagewa a gaɓa. Akwai kuma mai jure laima, galibi cikinsa kore ne. Ni abin da nake yi, jikin kabad filawud mai kyau, ƙofofi MDF, ƙarƙashin wurin wanke-wanke a shimfiɗa farantin alminiyam, kabad ɗin kuma ya tsaya kan ƙafafu kada ya taɓa ƙasa. Katako zalla ba kowa ke iya saya ba, kuma in bai bushe ba shi ma yana banƙarewa.

Baba Kafinta:
Ƙofa na yarda. Jiki ban yarda ba. Kuma mai jure laima ba mai jure ruwa ba ne, a riƙa faɗa wa mai gida gaskiya.

Abban Sadiq:
To ku zo kan rushe bangon kicin, don shi ne wanda in an yi ba a dawowa da sauƙi.

Hajiya Kaka:
Kada ki rushe 'yata. Hayaƙi da maiƙo za su bi labule da kushin ɗin nan da ake ta magana a kansu. Ƙarar injin markaɗe ta hana mai waya ji. Baƙo yana zaune yana kallon tukwanen da ba a wanke ba. Yaro mai rarrafe kuma babu ƙofar da za ta tare shi daga wuta.

Ummu Khalil:
Hajiya ki yi mini afuwa, ni nawa a buɗe yake kuma ina jin daɗinsa. Ina aiki ina ganin yara suna karatu a tebur, ba a ware ni ni kaɗai a baya ba. Hasken tagar falo yana kaiwa har kicin. Gaskiya ne sai da na'urar zuƙe hayaƙi mai ƙarfi, kuma dole mutum ya riƙa kintsa kanta nan take.

Injiniya Bello:
Kafin a kai ga daɗi ko rashinsa, a fara tambayar ko bangon yana ɗauke da nauyi. In akwai bene ko rufin siminti a kansa, magini ba shi ne zai yanke hukunci ba, injiniyan gini ne zai duba ya ce ga irin bim ɗin da za a sa. Sannan a duba ko bututun ruwa da wayoyi sun bi ta ciki. Na'urar hayaƙi kuma iri biyu ce. Wata tana da bututu zuwa waje. Wata tacewa kawai take yi ta maido da iskar cikin ɗaki, ita ba ta fitar da tururi ko iskar da murhun gas ke fitarwa. Buɗaɗɗen kicin da gas sai mai bututu.

Zee Mai Tsara Gida:
Abin sha'awa, yayin da kansa ya fara juyawa. Kicin na zamani mai kabad a jere ya samo asali daga wanda Margarete Schütte-Lihotzky ta zana a Frankfurt a 1926, ɗan ƙarami ne mai ƙofar turawa, an yi kusan 10,000 irinsa. Daga baya aka yi ta buɗewa. Bayan zaman gida na 2020, da mutane suka ga uba yana taro ta kwamfuta, yaro yana darasi, ana girki, duk a fili ɗaya, sai aka soma neman ƙofa. Yanzu abin da ake yawan yi tsaka-tsaki ne: faffaɗar ƙofar gilashi mai turawa, ko a buɗe taga babba a bangon a bar rabinsa na ƙasa. Haske yana wucewa, kina hango yara, in za a yi suya ki ja ki rufe. Anti, da ni ce ke wannan zan yi. Ya ba Hajiya abin da take so, ya ba Ummu Khalil nata.

Ɗan Haya:
Tsirrai fa? An ce suna tace iskar ɗaki.

Nas Hauwa:
Maganar ta fito ne daga gwajin da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi a 1989, amma a cikin rufaffun akwatuna aka yi shi. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel suka sake duba alƙaluman, suka ga sai an sa tsiro 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi abin da musayar iska ta yau da kullum ke yi a gini. Ka ajiye tsiro don kyau da sanyin ido, iska kuwa ka buɗe taga. Mai ƙananan yara ta tambayi sunan tsiro kafin ta saya, wasu masu faffaɗan ganye irin su difenbakiya ruwansu yana ƙona baki in yaro ya tauna.

Maman Iman:
Kai, Allah ya biya ku duka. Maigida ya karanta, ya ce za a kira injiniyan gini ya duba bangon kafin komai. Baba, saura tambaya ɗaya. Kujerun da muke da su yanzu masu nauyi ne sosai, mutum biyu da ƙyar suke ɗaga babbar, ba sa kuka ba sa girgiɗi. Yadin ne ya koɗe, soson ya lotsa, hannun kuma irin mai faɗin nan ne na da. Za a iya sabunta su su dace da sauran, ko in haƙura in sayi sababbi?

Baba Kafinta:
Kada ki sayar da su tukuna. Nauyin nan da kika faɗa alama ce mai kyau. Ki sa a kifa babbar, a yage baƙin ƙyallen ƙasa, ki ɗauko mini hoto uku: kusurwa ɗaya kusa-kusa in ga yadda aka haɗa, sifirin ko bel ɗin da ke ƙarƙashin wurin zama, da inda hannu ya haɗu da jiki. In firam ɗin lafiya yake, hannu ana rage masa faɗi a zagaye bakinsa, a sauya ƙafafu, a sa sabon soso mai nauyi da yadi mai zif. Ki ce wa mai aikin ya kira ki ranar da ya tuɓe su tsirara kafin ya rufe, kuma ya ajiye miki guntun soson da ya sa da takardar nauyinsa. Ɗaya daga cikin ƙananan kuma a ƙara mata tsayin ƙafa, a bar hannunta yadda yake saboda masu dafawa. Turo hotunan da rana, ba da fitilar waya ba.